Yadda Ake Riƙe Lissafin Taurarin Damina a Gona

Kakana, Allah Ya jiƙansa, ba ya ɗaukar sungumi sai ya fara buɗe gafakarsa. A cikinta, bayan Alƙur'aninsa, akwai wata takarda mai kauri da ta yi ja don tsufa, an jera sunaye 28 a kanta da ajami, an raba su gida huɗu. Yakan ɗora yatsa a kan suna ɗaya, ya ƙirga kwanaki a gaɓoɓin hannunsa, sannan ya dubi babana ya ce, "Ku dakata, Dabaran bai fita ba," ko kuwa ya ce, "To, a gyara iri." Takardar nan tana hannuna yanzu. Na kwafe ta da boko a littafin 'yan makaranta, kuma sama da shekara 20 ke nan ina noma da ita a ƙauyenmu a ƙasar Kazaure, ina haɗa ta da gwangwanin awon ruwa da sanarwar rediyo. Zan nuna maka yadda ake riƙe lissafin, da abin da yake iya gaya maka, da tambayar da bai kamata ka yi masa ba.

Fara da sanin abin da ya kawo shi. Manomi ba zai iya noma da watannin Musulunci ba, domin shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta rana kuwa 365 da 'yan awoyi. Kowace shekara wata yana matsowa da kusan kwana 11, har azumin da ka yi cikin marka ka zo ka yi shi cikin hunturu bayan shekara 16 ko 17. Ruwan sama kuma rana yake bi. Tsofaffi suna da tasu ƙidayar watannin noma, inda aka samo "watan bakwai maƙarar rani", amma ita ma sai ana yi ana gyara ta. Malamai sai suka riƙe taurari, saboda tauraro yana komawa mazauninsa a lokaci ɗaya kowace shekara.

Hanyar da rana da wata suke bi a sararin sama an yanka ta gida 28. Larabawa suna ce musu manazil, wato masaukan wata, kuma Alƙur'ani ya ambace su a Suratu Yunus da Suratu Yasin. Wata yana ratsa su duka cikin kwana 27 da ɗoriya, rana kuwa sai ta shekara. Tafiyar ranar muke ƙirgawa. Kowane tauraro kwana 13 yake yi, in ban da Jabaha mai 14. Buga da kanka: 28 sau 13 ya ba ka 364, ka ƙara kwanan Jabaha, 365 cif. Kowane yanayi yana da taurari bakwai.

Ɗauko littafi ka ja layi. Ga na damina da ranakun shigarsu a kalandar boko, yadda suke a littafina: Haƙa'a 30 ga Mayu, Hana'a 12 ga Yuni, Zira'a 25 ga Yuni, Nasara 8 ga Yuli, Ɗarfa 21 ga Yuli, Jabaha 3 ga Agusta, Harsan 17 ga Agusta. Waɗannan bakwai ka ba kowanne shafi guda, domin a kansu aikin yake.

Kaka tana shiga 30 ga Agusta da Sarfa, sai Iwa 12 ga Satumba, Simaku 25 ga Satumba, sannan Gufuru, Zubana, Ikilili da Ƙalbu. Ɗari yana shiga 29 ga Nuwamba da Shaula, sai Na'a'imu, Balda, da Sa'adu huɗu: Zabihu, Bula'u, Su'udi, Ahbiya. Bazara tana shiga 28 ga Fabrairu da Far'ul Muƙaddam, sai Far'ul Mu'ahhar, Baɗanul Hutu, Naɗahu, Buɗaina 21 ga Afrilu, Surayya 4 ga Mayu, Dabaran 17 ga Mayu. Waɗanda ban sa musu rana ba, ka yi ta ƙara 13 za ka same su. A shekarar da Fabrairu ya yi 29, ka bar wa Far'ul Muƙaddam kwanan, sauran ranakun ba sa motsi. Kada sunan kaka ya ruɗe ka. A wajenmu Sarfa da Iwa ana cikin ruwa sosai, lokacin ne ma yara suke gasa tumu.

Akwai ramin da na faɗa, kuma duk mai kwafe tsohuwar takarda zai iya faɗa masa. Takardar kakana cewa ta yi damina tana shiga 17 ga Mayu. Shekarar farko na ɗauka Mayun kalandar bango ake nufi, na yi gaba da lissafina da kusan mako biyu. Ashe watannin ajami ne, tsohuwar kalandar Rumawa ta zamanin Yuliyas Kaisar. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya gyara ta, aka zubar da kwana 10 aka samu wadda muke ratayewa a bango. Malamanmu suka ci gaba da tsohuwar, tazarar kuma ta ƙaru, yanzu kwana 13 ce, kuma haka za ta zauna har shekara ta 2100. In ka ga rana a takardar malam, ƙara mata 13. Shi ya sa 17 ga Mayun ajami ta zama 30 ga Mayun boko.

Ranakun shigar yanayoyin nan huɗu a kalandar ajami, 17 ga Mayu, 17 ga Agusta, 16 ga Nuwamba da 15 ga Fabrairu, su ne manoman Maroko suke buɗe yanayoyinsu da su har gobe. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ta inda ilimin ya shigo mana: hanyar ayari, tare da littattafan fiƙihu da na lissafin lokutan salla. A Sudan kuwa, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke noma a wuraren Gadarif da Mai Wurno, taurarin nan dai ake ƙirgawa, amma Zira'arsu tana shiga 9 ga Yuli, Jabaha 17 ga Agusta. Tsakaninsu da littafina mako biyu ne daidai. Don haka in wani malami ya kawo maka jeri da ya saɓa wa nawa, ba abin gardama ba ne. Zaɓi ɗaya ka zauna a kansa shekara da shekaru, domin amfaninsa yana cikin kwatanta bana da bara.

Yanzu fita waje. Mutane da yawa suna zaton idan an ce tauraro kaza ya shiga, ɗaga kai za ka yi ka gan shi. Ai a kwanakinsa rana tana kusa da shi, haskenta ya shanye shi. Wanda za ka gani shi ne kishiyarsa, na 14 a gabansa cikin jeri, yana fitowa daga gabas bayan magariba. Ƙirga 14 daga Haƙa'a, za ka sauka a kan Shaula, wato ƙarin kunama. Saboda haka a ƙarshen Mayu, da an sallame magariba duhu ya fara, dubi kudu maso gabas. Za ka ga wani jan tauraro, shi ne Ƙalbu, zuciyar kunamar. Jim kaɗan jelarta za ta biyo shi a lanƙwashe, da taurari biyu manne da juna a ƙarshe. Ranar da na fara gane ta, babana ne ya kama hannuna yana zana min ita a iska daga kan rumbu, kuma har yau in na gan ta a wannan wuri sai in ji kamar ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka.

Mafi sauƙin ganewa ita ce Surayya, wadda muke kira kaza da 'ya'yanta: 'yan ƙananan taurari shida ko bakwai a cure wuri ɗaya. A Nuwamba tana fitowa gabas da faɗuwar rana. A Janairu bayan isha tana bisa kanka. A Afrilu ta gangara yamma, kowane dare tana ƙara kusantar inda rana ta faɗi, domin taurari suna riga jiyansu da kusan minti huɗu. Farkon Mayu ta ɓace. Sai wajen tsakiyar Yuni ka sake ganinta da asuba ƙasa-ƙasa a gabas, in hadari ya bar ka. Bayanta akwai wani ja mai haske da ba ya rabuwa da sawunta, shi ne Dabaran, ma'anar sunansa ma mai bin baya.

Zara matar wata da Gamzaki ba sa cikin wannan jeri, kuma kada ka sa su. Abu ɗaya ne su biyun, Zuhura ce, wani lokaci ta fito da yamma, wani lokaci da asuba. Zagayenta kwana 584 ne, bai dace da shekara ba, don haka ba ta san damina ba balle rani.

A kan irin su Zuhura masu yawo ne masu duban taurari na dā suka gina hasashen yanayinsu, kuma yana da kyau ka san labarin don ka iya rarrabe tsaki da tsakuwa. Mutanen Babila sun rubuta dubban alamu a allunan yumɓu, suna haɗa husufi da motsin taurari da ruwa da ambaliya. Baɗalimusa na Iskandariya, a ƙarni na biyu, ya raba wa taurari masu yawo ɗabi'u: Zuhal sanyi, Mirrihi zafi da bushewa, Zuhura danshi. Alkindi a Bagadaza, a ƙarni na tara, ya yi rubutu kan hasashen ruwa ta wannan hanya, aka juya shi zuwa Latin, Turawa suka yi ta karantawa ɗaruruwan shekaru. Kefla, wanda ya gano yadda duniyoyi suke kewaya rana, shi ma yana buga kalandar hasashe, kuma ya yi suna da ya ce hunturun 1595 zai yi tsanani, ya kuma yi. A Ingila wani Patrick Murphy ya ce 20 ga Janairun 1838 za ta fi kowace rana sanyi, aka dace, mutane suka yi rububin littafinsa, daga baya hasashensa ya yi ta kuskure. Abin da ya rusa sana'ar shi ne awo. An ƙera ma'aunin nauyin iska a 1643, wayar tangaraho ta zo ta sa ana jin yanayin gari mai nisa a rana ɗaya, a 1861 kuma Robert FitzRoy ya fara buga hasashen yanayi a jarida a Landan daga rahoton tashoshi. Da aka fara rubuta abin da ya faru ana kwatanta shi da abin da aka ce zai faru, sai hasashen da ake ginawa a kan haɗuwar taurari masu yawo irin su Zuhal da Mushtari ya kasa tsayawa.

Jerin 28 ɗin ya tsira ne saboda shi kalanda ne. Larabawan jahiliyya suna da abin da suke kira anwa'u: tauraro ya faɗi a yamma da asuba, kishiyarsa ya fito a gabas, sai su ce shi ya kawo ruwan. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya tattara wannan ilimi nasu a littafi. Musulunci ya yanke jingina ruwa ga tauraro. Hadisin Zaidu bin Khalid yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim: an kwana ana ruwa a Hudaibiyya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da sallar asuba, sannan ya sanar da sahabbai cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarsa ya yi imani da Allah, wanda kuma ya ce an yi mana ruwa da tauraro kaza ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro. Malamai suka bambance ilimin tafiyar taurari, wanda ake sanin lokaci da alƙibla da shi, da da'awar cewa suna da tasiri. Kakana yana da tsanani a nan. Wata rana wani ɗan ƙodago ya ce Jabaha ta ba mu ruwa, sai ya ajiye fartanya ya ce masa, "Ɗana, gyara bakinka. Allah Ya ba mu ruwa a cikin Jabaha." Ka riƙe wannan lafazi, ka koya wa yaranka.

Ni ma ba a banza na yarda da hakan ba. Wata shekara Haƙa'a ta shiga, kwana biyu aka yi ruwa da dare, gari ya waye da sanyi. Na duba littafi na ce lokaci ya yi, na kwashi yara muka shuke gonar gero kaf. Ya tsiro kore shar. Daga nan sama ta ɗauke, kwana 16 ko ɗigo. Ina tsaye ina kallo ganyen ya nannaɗe kamar tsinke, iska tana binne shi da rairayi. Iri ya tafi, kuɗin ƙodago ya tafi, na koma kasuwa sayen wani irin da tsada. Tauraro ya shiga a ranarsa, bai yi min ƙarya ba, ni ne na tambaye shi abin da bai sani ba. Manya kuma za su gaya maka a 1973 da 1984 taurarin nan sun shiga sun fita ɗaya bayan ɗaya, fari kuma ya cinye gonaki da dabbobi daga nan har Nijar da Chadi.

Tun daga lokacin nake aje gwangwani. Nemi wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, irin na madarar gari, ka yanke leɓen bakin ya zama miƙaƙƙe. Kafa turke a fili nesa da bishiya da indararo, ka ɗaure shi a kai ya zauna daidai. Kowace safiya a lokaci ɗaya ka tsoma rula, ka karanta milimita, ka rubuta a shafin tauraron da ake ciki, ka zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ka rubuta sifili, kada ka bar gurbi, domin tsawon kwanakin da sama ta ɗauke shi ne abin da ya fi kashe shuka. Masana aikin gona na yankin Sahel suna ɗaukar damina ta kama idan an tara milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a samu ɗaukewar da ta wuce mako guda ba a cikin kwana 30 da suka biyo. Rabin farko gwangwaninka zai gaya maka. Bayan haka ka je gona ka tona da hannu. In danshin bai kai kamu ɗaya ba, ka haƙura. In ruwan ya zo da wuri, cikin Surayya ko Dabaran, ni ba na shuka fiye da kashi ɗaya cikin uku na gonar, sauran irin yana rumbu.

Rabin na biyu kuwa, wato ko ruwan zai ɗore, iska ce take ba da labarinsa. Iskoki biyu ne suke ja-in-ja a kanmu: busasshiya daga hamada ta arewa maso gabas, da mai danshi daga teku ta kudu maso yamma. Iyakar da ke tsakaninsu tana hawowa arewa a bayan rana, ta kai ƙarshen tafiyarta a Agusta, ta juyo. Ruwa mai ɗorewa ba ya kama gari sai iyakar ta wuce shi da nisa. Shi ya sa Zariya take riga Kano, Kano take riga Damagaram, alhali jerin taurarinsu ɗaya ne. Ɗaura tsumma a dogon kara ka duba shi safe da yamma. In ya kwana biyar yana kaɗawa zuwa arewa maso gabas, iskar teku ta zauna ke nan. Za ka ji a jikinka ma: leɓe ya daina tsagewa, zufa ta daina bushewa, gishiri ya fara jiƙa a kwano. Shamuwa ta sauka a tsamiyar bakin masallaci, gawo ya fara zubar da ganye. Duk ka rubuta su da ranarsu. Hadarin kansa daga gabas yake tasowa, can za ka riƙa kallo da la'asar.

In kana son ka ga tafiyar ranar da idonka, kafa sanda a miƙe a tsakar gida. A daidai Kano, wajen 22 ga Afrilu da misalin 12 da rabi na rana, inuwarta za ta shige ƙarƙashinta. Daga nan inuwar tsakar rana ta koma kudu, sai wajen 21 ga Agusta ta sake ɓacewa. Na farko yana faɗawa cikin Buɗaina, na biyu cikin Harsan. Yara suna son wannan gwaji ƙwarai.

Inda lissafin ya fi yi min amfani shi ne ƙirga baya. A littafina ruwa yakan ɗauke mana cikin Simaku. Geron da nake shukawa yana son kusan kwana 90. In shuka ta kai ranar shigar Nasara, 8 ga Yuli, kwana 90 zai kai ni 6 ga Oktoba, ƙarshen Simaku ke nan, ba sauran rara. To in Nasara ta shiga ban samu tsiro mai kyau ba, ba na sake zuba wannan iri. Sai in nemi mai saurin nuna, ko in ba wake wurin. Haka nake yi da taki da noma: in gama firi da maimai kafin Ɗarfa ta yi nisa, domin in marka ta kama cikin Jabaha ciyawa ba ta mutuwa ko ka nome ta, takin zamani kuma ruwa ya wanke shi.

Farkon kowace shekara hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina, da ranakun da ake sa ran farawa da ɗaukewa a kowane yanki. A Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana yi wa ƙasashen Sahel irin wannan aiki. Su suna duba zafin ruwan teku da hotunan tauraron ɗan'adam, abin da jerin kakana ba shi da hanyar sani. In ka ji sanarwarsu, rubuta ranar da suka bayar a shafin tauraron da ta faɗa ciki. Ƙarshen shekara sai ka jera uku: abin da suka ce, abin da shafukan shekarun baya suka nuna, da abin da gwangwani ya tara.

Abu ɗaya da jikokinmu za su gyara: taurari suna zamewa daga yanayi da kusan kwana ɗaya cikin shekara 71. A rayuwar mutum ɗaya ba ya damun kowa, amma daga zamanin Ibn Ƙutaiba zuwa yau ya kai kwana 16. Saboda haka ka riƙa rubuta abin da idonka ya gani. Daga 20 ga Afrilu, bayan magariba, ka ɗauki yaro mai kaifin ido ku tsaya inda yamma take a buɗe, ku nemi kaza da 'ya'yanta, ka rubuta daren ƙarshe da kuka gan ta. Daga 5 ga Yuni kuma ku riƙa duba gabas in kun fito sallar asuba, ka rubuta safiyar da ta dawo, da milimita nawa gwangwani ya tara kafin ranar.